Yadda ake kare halittun asali a yankin kogi na karkara

Ruwan saman da ya sauka a gona, a kan hanya, a bayan gida ko a kan dutse, gangarawa yake yi har ya shiga ƙorama, ƙorama ta zuba a rafi, rafi ya zuba a kogi. Dukan ƙasar da ruwanta ke taruwa a kogi ɗaya ita ce yankin wannan kogin, kuma abin da aka yi a kowane sashe nata zai bayyana cikin ruwan ko ba jima ko ba daɗe. Don haka mai son kifi, kwaɗi, tsuntsaye da itatuwan asalin wuri su ɗore, rabin aikinsa a tudu yake, nesa da gaɓa.

Lamarin na gaggawa ne. Koguna, tafkuna da fadamu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin duniya ba, amma kusan rabin nau'o'in kifin da aka sani a cikinsu suke zaune. Rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta fitar a 2024 ya nuna cewa garkunan halittun ruwan daɗi da ake bibiya sun ragu da matsakaicin kashi 85 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020, fiye da na tudu da na teku.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan aiki shi ne bin tsari. A fara da sanin wuri, a kare abin da ya rage da ransa, a tsayar da ɓarnar da ke gudana, daga baya a zo ga gyara. Yawancin masu niyyar kirki da dashen itace suke farawa, saboda shi ne ake gani da ido kuma shi ne ake ɗauka hoto. Itacen da aka dasa a gaɓar da shanu ke tattakewa kullum, ƙarƙashin kwazazzabon da ke aman yashi, ba zai ga damina ta biyu ba.

Mataki na farko: ku san iyakar yankinku

Ku zaɓi yankin da za ku iya ɗauka. Babban kogi ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya ko ƙungiya ɗaya, amma rafin da mutum zai bi da ƙafa daga mafari zuwa mahaɗa cikin yini ɗaya ko biyu abin riƙewa ne. Ku bi shi sau biyu, da rani da kuma damina. Da rani za ku ga inda ruwa ke saura, da damina za ku ga ta inda laka ke shigowa. In da hali ku fita jim kaɗan bayan an ɗauke ruwan sama, ku tsaya a kowace mahaɗa ku dubi launin ruwan ƙoramu biyun. Wadda ta fi ja ko ta fi kauri tana gaya muku inda ƙasa ke tafiya.

Ku zana taswira a babbar takarda. Hoton tauraron ɗan Adam na Google Earth yana taimakawa wurin gano tuddan da suka raba ruwanku da na maƙwabta, kuma a kwamfuta ana iya duba tsofaffin hotuna a ga yadda wurin yake shekarun baya. A kan taswirar ku sa idon ruwa, fadamu, guraben da ba sa ƙafewa, mashayar dabbobi, gonakin rani, wuraren haƙar yashi, kwalbatoci, madatsai, juji da duk wani wurin da baƙon tsiro ya kama.

Mataki na biyu: ku tara masu hannu a ruwan

Manomi, makiyayi, masunci, mai ɗibar yashi, mata masu ɗibar ruwa da itace, masu unguwanni, ma'aikatan gona da na gandun daji, kowa yana da abin da zai rasa in an kafa doka ba da shi ba. Dokar da aka yanke a bayan makiyayi, makiyayi zai karya ta da dare, kuma da gaskiyarsa. Ku zauna da kowane rukuni shi kaɗai kafin babban taro, domin a babban taro masu ƙarfin murya ne kawai ke magana.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata a faɗa tun farko: wahalar aikin tana kan mutanen sama, ribar kuma yawanci mutanen ƙasa ke kwasa. Wanda ya bar gefen gonarsa bai noma ba ya rasa amfani, wanda ke can ƙasan rafi ya sami ruwa mai tsabta. Birnin New York na Amurka ya fahimci haka, a 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan tsaunukan Catskill, yana biyan kuɗin kare ƙasar da ruwan shansa ke fitowa, maimakon gina katafariyar matatar ruwa. Ƙauye ba shi da kuɗin birni, amma yana iya biya da aikin gayya, da irin shuka, da haƙƙin yankan ciyawa ko ajiye amya a wurin da aka keɓe. Kuma kafin ku kafa shinge ko ku taɓa kwalbati, ku tambayi hukumar da ke kula da ruwa da filaye a ƙasarku, saboda a ƙasashe da yawa gaɓar kogi tana da dokarta ta musamman.

Mataki na uku: ku ƙidaya abin da ke nan

Ku fara da dattawa. Ku tambayi tsofaffin masunta wane kifi suke kamawa da ƙuruciya wanda yanzu ba a gani, a wane gurbi, a wane wata. Ku tambayi tsofaffin mata wane ganye ko wace saiwa suke samu a bakin rafi da yanzu sai an yi nisa. Ku rubuta sunayen yadda suka faɗa. Wannan jerin shi ne mafi kusa da hoton rafin kafin ya lalace, kuma duk dattijon da ya rasu ba a tambaye shi ba, an rasa wani sashe na jerin har abada.

Sai ku shiga ruwan. Hanya mafi sauƙi ta gane lafiyar rafi ita ce duba ƙananan halittun da ke ƙarƙashin duwatsu, domin su ba sa iya gudu in ruwa ya ɓaci. Kuna buƙatar rariya ko raga mai ƙananan idanu, farin faranti mai zurfi, da takalmin roba dogo. Takalmin dole ne a duk inda ake fama da cutar tsargiya, tunda ta fata take shiga. Mutum ɗaya ya riƙe ragar a ƙasan ruwa tana fuskantar inda ruwan ke fitowa, ɗayan ya riƙa motsa duwatsu da ƙafa a gabanta na minti biyu. A juye abin da aka kama cikin farantin da ɗan ruwa, a jira ya lafa.

In kun ga ƙananan ƙwari masu jela uku siriri, ko masu jela biyu da ke manne a dutse, ko wata tsutsa da ta gina wa kanta kube da ƙwayoyin yashi da guntayen kara, ruwan yana da iska isasshiya kuma guba ba ta yi yawa ba. 'Ya'yan mazari da kaguwa suna nuna matsakaicin hali. In kuwa ba ku sami komai ba sai jajayen tsutsotsi, matsattsaku da dodon koɗi, ruwan ya sha ƙazanta. A Afirka ta Kudu an tsara wannan gwaji a sauƙaƙe da sunan miniSASS, har yaran makaranta suna yin sa. Ku mayar da halittun cikin ruwa in kun gama.

Ku ƙara abu biyu. Ku cika kwalba da ruwan rafi bayan an yi ruwan sama, ku ajiye ta kwana ɗaya, ku auna kaurin lakar da ta kwanta. Sannan ku zaɓi wurare biyar ko shida, ku kafa alama da dutse ko ƙarfe, ku ɗauki hoto daga nan kuna fuskantar waje ɗaya. Tsiro ko ƙwaron da ba ku gane ba, ku sa hotonsa a manhajar iNaturalist, masana daga ko'ina za su taimaka da sunansa.

Mataki na huɗu: ku fara da wurin da ya fi lafiya

Zuciya tana jan mutum zuwa wurin da ya fi lalacewa, amma hankali yana cewa a fara da wanda bai lalace ba. Kurmin da ya rage a bakin rafi, ko da bai wuce gona ɗaya ba, yana riƙe da iri, da saiwoyi, da jemagu da tsuntsayen da za su yaɗa irin zuwa wuraren da kuke son gyarawa. In ya tafi, babu gandun renon itace da zai maye gurbinsa.

Wurare huɗu ne za ku sa a gaba. Idon ruwa da ƙananan ƙoramun da ke can sama, saboda duk abin da ya same su yana bin rafin har ƙarshe. Guraben da ke riƙe ruwa har ƙarshen rani, saboda nan ne kifi, kunkuru da kwaɗi ke fakewa, daga nan kuma suke sake cika rafin da damina. Fadamu, waɗanda ke shanye ambaliya su sake ta a hankali, kuma a cikinsu kifi da yawa ke zuba ƙwai. Muhimmancinsu ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Ramsar a Iran a 1971. Na huɗu, manyan tsofaffin itatuwa masu kogo, ko da sun fara bushewa, domin gidajen mujiya, jemage da zuma ne.

Mataki na biyar: ku mayar wa gaɓa rigarta

Nan ne mafi yawan aikin yake. Zirin ciyawa da itatuwa a gefen rafi yana yin ayyuka da dama a lokaci ɗaya. Saiwoyi suna riƙe gaɓa. Ciyawa tana tace laka da taki kafin su shiga ruwa. Inuwa tana sanyaya ruwan, ruwa mai sanyi kuwa ya fi ɗumi riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Ganyen da ya faɗa abincin ƙwarin ruwa ne, su kuma abincin kifi ne. Zirin kansa hanya ce da namun daji ke bi daga wannan kurmi zuwa wancan.

Nawa ne faɗin da ya dace? Ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Dokar daji ta Brazil ta 2012 ta sa mita 30 a kowane gefe ga rafin da faɗinsa bai kai mita 10 ba, da mita 50 kewaye da idon ruwa. Niyu Zilan a 2020 ta sa a nisanta shanu da aƙalla mita 3 daga rafin da ya wuce mita ɗaya. A ganina, in dokar ƙasarku ba ta faɗi wani abu ba, ku nemi mita 10 a inda aka yarda, ku ƙara a inda gangara ta yi tsanani, kuma ku karɓi mita 3 daga mai ƙaramar gona da hannu biyu. Siririn ziri da bai yanke ba ya fi mai faɗi da ke da giɓi a kowace gona ta uku.

Ga yadda za ku bi. Ku auna ku kafa alamu tare da mai gonar, ba a bayansa ba. Ku hana noma, sara da ƙuna cikin zirin. Sai batun dabbobi, wanda shi ne ke rushe yawancin irin wannan shiri. Ba za a hana dabba shan ruwa ba, don haka kafin a rufe gaɓa a tanadi mashaya: ko kwami nesa da rafi da ake cika shi da famfo, ko wata mashiga guda a inda gaɓa ba ta da tsayi, a shimfiɗa mata duwatsu da tsakuwa don kofato kada ya mai da ita taɓo. A bar burtali mai faɗi da zai kai ga mashayar. Kada a sa mashaya a gwiwar rafi ta waje, inda ruwa ke cin gaɓa.

Bayan an rufe, ku yi haƙuri damina ɗaya ko biyu ba ku dasa komai ba. Za ku yi mamakin abin da zai fito da kansa. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a yankin Maraɗi na Nijar cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai. Manoma suka koma zaɓen toho mafi ƙarfi, biyu zuwa biyar a kowane kututture, suna yanke sauran, suna kare waɗanda suka bari. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Tohon kututture ya riga ya mallaki saiwa mai zurfi, shi ya sa yake tsere wa dashe, kuma galibi ɗan asalin wurin ne.

In akwai giɓin da bai cike ba, sai a yi dashe. Ku tattara iri daga yankin kansa, daga iyaye da yawa, ba daga itace ɗaya ba, kuma kada ku kwashe duk 'ya'yan itace ɗaya. Ku dubi kurmin da ya rage ku kwaikwayi jerinsa: abin da ke tsaye cikin ruwa, abin da ke bakin gaɓa, abin da ke sama inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba. A ƙasashen savana na Afirka ta Yamma, misali, jema da giyayya suna jure zama cikin ruwa, malmo da ɓaure suna son bakin gaɓa, kanya da maɗaci suna ɗan ja da baya. A wata nahiyar jerin daban ne, kurmin wurin ne zai faɗa muku. Ku dasa da zarar damina ta zauna, amma abin da ke bakin ruwa sosai ku jira ambaliya ta fara janyewa. Ku guji cika gaɓa da turare ko wani itacen waje mai saurin girma. Afirka ta Kudu tun 1995 take kashe maƙudan kuɗi a shirin Working for Water tana sare irin waɗannan baƙin itatuwa saboda ruwan da suke shanyewa.

Itacen da ya faɗa cikin rafi kuma a bar shi, sai fa in zai toshe gada ko kwalbati. Yana rage gudun ruwa, yana haƙa gurbi, ƙananan kifi suna ɓuya a ƙarƙashinsa. Rafin da aka share tas ba shi da wurin zama.

Mataki na shida: ku tare laka tun daga tudu

Laka tana cike gurabe, tana binne tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, tana hana haske shiga. A gonakin gangara a yi kunya a gicciye, kuma a jera duwatsu ko a dasa layin ciyawa a kan layin da ba ya hawa ba ya gangara. Ana gano wannan layi da sanduna uku da aka ɗaure kamar harafin A, da igiya mai dutse a rataye daga sama: duk inda igiyar ta tsaya a tsakiya, ƙafafun biyu suna daidai. A bar karan amfani a gona ya rufe ƙasa.

Kwazazzabo daga kansa ake kama shi. A fara rage ruwan da ke zubo masa daga sama, sannan a jera ƙananan shingayen dutse a cikinsa, kowane bai wuce gwiwa ko cinya ba. Tsakiyar shingen ta fi gefensa ƙasa, gefen ya shige cikin bango, a kuma shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo. Shingaye goma ƙanana sun fi babba ɗaya, domin in babba ya fashe ɓarnarsa ta fi ta da.

Haƙar yashi a cikin rafi tana zurfafa shi, zurfin ya riƙa cin baya yana hawa sama, gaɓa ta rufta, rijiyoyin gefe su ja baya. In ba za a iya hanawa ba, a taƙaita ta ga tsibiran yashin da ke bushe da rani, nesa da gada da gurabe, kuma kada a haƙa ƙasa da matakin ruwa.

Mataki na bakwai: ku raba ruwa da guba

Kada a wanke tankin feshi a rafi, kada a ɗebi ruwa da bututunsa kai tsaye, kada a yi feshi cikin iska ko in hadari ya haɗu. A ɗebo ruwa a bokiti, a haɗa magani nesa da gaɓa, a ɗauraye kwalbar sau uku a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin, a huda kwalbar don kada wani ya sha ruwa da ita. Takin zamani a raba shi kashi biyu ko uku a binne shi, maimakon a watsa duka lokaci ɗaya. Wanda ya zarce buƙatar shuka rafi yake tafiya, ya haifar da gansakuka, in ta ruɓe ta shanye iskar ruwa kifi ya taso matacce. Masai da juji su nisanci ruwa da aƙalla mita 30.

Kamun kifi da guba kuwa babu sassauci a kansa. Zuba ɗaya yana kashe gurbi duka, har ƙwai da ƙwari, kuma mutane ne ke cin kifin. Maganin ƙwari na lindane, wanda aka daɗe ana wannan ta'asa da shi, an sa shi cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2009, endosulfan ya bi baya a 2011. In akwai masu wanke zinariya a yankin, ruwan wankinsu ya tsaya a rami, kada ya koma rafi.

Mataki na takwas: baƙin tsirrai da baƙin kifi

Baƙo a nan ba ya nufin mugun iri. Gamba ciyawa ce mai albarka a Afirka, amma da aka kai ta arewacin Ostireliya don kiwo a shekarun 1930, ta zama annoba, tana tayar da gobara mai zafin da ke kashe itatuwan can. Giwan ruwa kifin asali ne a kogin Kwara da tafkin Chadi, amma da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen da babu su ko'ina sai can suka ɓace. Ka'idar ita ce kada a ɗauki kifi ko tsiron ruwa daga wani yankin kogi a saka a wani. Mai kiwon kifi ya gina tafkinsa inda ambaliya ba ta kaiwa, ya sa raga a mafitar ruwa. Masunci ya wanke jirgi da koma ya shanya su kafin ya koma wani ruwan.

Wanda ya riga ya shigo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara daga sama ku gangaro, in ba haka ba ruwa zai dawo muku da irin da kuka cire. Ku fara da ƙananan tsibirai da ke nesa kafin babban dandali. Ku cire kafin ya yi fure. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta fito daga yankin Amazon tana iya ninka kanta cikin kusan mako biyu, irinta kuma yana kwana cikin laka har shekara 20, saboda haka kwasa ɗaya ba ta isa. A ja ta waje, a shanya ta nesa da inda ambaliya ke kaiwa, a dawo kowane wata. Kacalla in an yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, tana shaƙewa ta mutu. Duk inda kuka cire baƙo ku rufe ƙasar da ɗan asali, don fili ba ya zama haka nan. Ƙwarin da ake sakewa su cinye baƙon tsiro, irin waɗanda suka taimaka a tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1990, aikin hukuma ne da masana, ba na mutum ɗaya ba.

Mataki na tara: ku bar ruwa ya yi tafiyarsa

Kifi da yawa suna haurawa sama ko su fantsama cikin fadama da ruwan farko don su hayayyafa. Kwalbatin da bakinsa ya rataye sama da ruwa katanga ce a gare su. Ana gyara shi da jera duwatsu a ƙasansa kamar matakala mai sauƙin gangara, in kuma za a sake sabo a nemi mai faɗin rafin, a binne gindinsa cikin yashi. Tsohuwar madatsar da ba ta da amfani a nemi izinin cire ta. A kogin Elwha na Amurka an rushe madatsai biyu tsakanin 2011 da 2014, kifin salmon ya koma wuraren da ya yi kusan shekara ɗari bai kai ba.

Ambaliya ta shekara-shekara ma wani sashe ce na rayuwar kogi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a Nijeriya, ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗejiya da Nguru ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, kacalla ta toshe hanyoyinsa. A ƙaramin rafi, darasin shi ne masu injin ban-ruwa su yi karɓa-karɓa, a kafa sanda mai alama a gurbi, in ruwa ya sauka ƙasa da alamar kowa ya kashe inji. A ɗaura raga a bakin bututu don kada ya zuƙe 'ya'yan kifi.

Mataki na goma: dokar kamun kifi, farauta da wuta

A rufe kamun kifi a makonnin farko na cikowar ruwa. A hana koma mai ƙananan idanu da gidan sauro. A keɓe gurbi ɗaya ko biyu da ba a taɓawa ko kaɗan, daga nan sauran za su cika. A bar ƙwan tsuntsu da na kunkuru. A share hanyar tare wuta a bayan zirin gaɓa kafin ciyawa ta bushe. Dokokin su zama kaɗan, a rubuce, da hukuncin da jama'a suka amince da shi, kuma ya hau kan ɗan mai unguwa kamar yadda ya hau kan baƙo.

Mataki na ƙarshe: ku riƙa komawa kuna aunawa

Sau biyu a shekara, a watanni iri ɗaya, ku maimaita gwajin raga, kwalbar laka da hotuna daga alamomin nan. Ku ajiye littafi ɗaya a hannun mutum biyu, ku karanta sakamakon a gaban taro, har da inda aka gaza. Ciyawa tana rufe gaɓa cikin damina ɗaya ko biyu, ƙwarin ruwa suna biyo baya, inuwar itace tana ɗaukar shekara biyar zuwa goma, kifin da ya ɓace kuma zai dawo ne kawai in yana da sauran mafaka a wani reshen kogin da hanyar da zai bi. In bayan shekara uku lakar kwalba ba ta ragu ba, ku koma mahaɗun ƙoramu bayan ruwan sama ku sake duba launi, akwai wata kafa da ba ku toshe ba. In kuwa ta ragu, ku gayyaci mutanen rafin da ke maƙwabtaka da ku su zo su ga littafin da hotunan, ku ba su iri daga kurminku, ku ara musu ragar.